Kafin Ku Ɗauki Jininmu, Ku Faɗa Mana Su Wane Ne a Cikin Ɗakin Gwajin



Waɗanda suka halarci zamanmu na ƙarshen wata sun ga yadda aka tashi ba a daidaita ba. Wasu masu bincike daga wata cibiya sun kawo takarda ofishin ƙungiya, suna neman mu tara musu mutanen unguwa su ɗebi jini domin wani nazari a kan cutar sikila. Takardar amincewar da suka zo da ita shafi huɗu ce, da Turanci da Yarabanci. Babu Hausa ko layi ɗaya. A cikin mutum shida da suka zo babu mai jin Hausa, kuma sun sa ran ni sakatare zan yi musu tafinta kyauta, in kuma lallashi dattawa su dangwala hannu.

Zaman ya rabu biyu. Wasu suka ce a kore su, ba mu san me za su yi da jinin ba. Wasu suka ce a bar su su yi aikinsu, ai likitoci ne, sun fi mu sani, ga kuma kuɗin mota da za a raba. Da na ce matsalar ta fi ƙarfin takarda, tana komawa ne ga su wane ne ake ɗauka aiki a ɗakunan gwaje-gwaje, sai wani ɗan'uwa mai ilimi, wanda nake ganin girmansa, ya ce: "Malam Sakatare, wannan zancen daidaito da yaƙi da wariya a ɗakin bincike rigimar Turawa ce. Su ma da suka ƙirƙiro ta sun yar da ita. Kimiyya ba ta san launi ba."

Lokacin zaman bai ishe ni in ba shi amsa ba. Ga amsar. Ban yarda da masu cewa a kore su ba, ban yarda da masu cewa a dangwala hannu a wuce ba, shi kuma ɗan'uwana ina ganin ya yi kuskure babba.

Gaskiya ne madubin ƙara girma bai san launi ba. Amma madubin ba shi ke zaɓen tambayar da za a bincika ba, ba shi ke zaɓen jikin da za a gwada magani a kansa ba, ba shi ke rubuta sunayen da za su hau kan sakamakon ba. Mutane ne ke yin waɗannan, kuma mutum yana shiga ɗakin gwaji da duk abin da ya taso da shi a ka.

A shekarar 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara wani bincike a Tuskegee, jihar Alabama, a kan baƙaƙen fata maza 600, yawancinsu talakawan manoma. Daga ciki 399 suna ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu sunan cutar ba. An bar su ne a ga yadda ciwon ke cin mutum idan ba a yi masa magani ba. Wajen 1947 fenisilin ya riga ya zama sanannen maganin cutar, amma aka ci gaba da hana su. Shekara 40 ana wannan aiki, ana buga sakamakonsa a mujallun likitoci, har sai da jarida ta tona asirin a 1972. Sai 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasar. Waɗanda suka yi wannan ba bokaye ba ne. Likitoci ne masu digiri, irin waɗanda aka ce mana sun fi mu sani.

A 1951 wata mata baƙar fata, Henrietta Lacks, ta je asibitin Johns Hopkins da sankarar bakin mahaifa. Aka yanki tsokar ciwon ba tare da saninta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin jikinta suka ci gaba da hayayyafa a kwalba, aka rarraba su duniya, aka yi amfani da su har wajen gwada allurar rigakafin shan-inna. Kamfanoni suka yi kuɗi da su. Iyalinta ba su san da zancen ba sai bayan fiye da shekara 20, kuma sai a 2023 wani kamfani da ke sayar da ƙwayoyin ya sasanta da su.

In kuwa an ce waɗannan can nesa ne, to mu dawo gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 10,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kusan 200. An ba rabi sabon maganin, rabi kuma wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da yawa sun ce ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka taimako ne aka kawo. Kwamitin masana da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa wa doka. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ku lura da abu ɗaya. A Tuskegee akwai ma'aikaciyar jinya baƙar fata da ta yi shekaru tana kai mutanen wurin likitoci. A Kano ma akwai likitoci 'yan Najeriya a cikin aikin. Ke nan a sa mutum mai kama da mu a bakin ƙofa bai isa ba. Abin tambaya shi ne: yana da bakin da zai ce "a dakata" a saurare shi? Wannan shi ne bambancin tara mutane iri-iri da yi musu adalci. Na farko ana iya yin sa don hoto. Na biyun sai an raba iko.

Yanzu ga masu cewa a kore su. Na fahimci tsoronku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun taɓa gwada wannan gudun, mun ga inda ya kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, kuma zancen Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. An dawo da allurar a 2004, amma sai da cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka shanye namu ne. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Masu bincike suka ci amana sau ɗaya, mu muka biya sau biyu.

Akwai kuma wata cutarwa da ba ta da ƙara: a bar ka a waje gaba ɗaya. Kun san ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti, ya nuna yawan iskar oksijin a jini. Haske yake turawa ta cikin yatsa ya auna abin da ya fito, kuma launin fata yana shafar hasken. Yawancin waɗanda aka daidaita na'urar a kansu farare ne. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka buga binciken da ya nuna cewa a cikin majiyyatan da na'urar ta ce iskarsu ta wadatar, kashi 11.7 cikin 100 na baƙaƙe iskar tasu ta yi ƙasa ƙwarai, alhali a farare kashi 3.6 ne. Ninki uku ke nan. Babu wanda ya zauna ya ƙulla mugunta. Kawai dai a ɗakin da aka ƙera ta ba a sami wanda zai ce "ku gwada a yatsa irin nawa" a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Wannan na'urar ce ake maƙala wa iyayenmu a nan.

Haka zancen yake a nazarin ƙwayoyin gado. Wani ƙidaya da aka buga a 2016 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin waɗannan manyan nazarce-nazarce a kansu 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 3, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambance-bambancen gado. A babban aikin nan na tattara jerin ƙwayoyin gadon mutum sama da 2,000 daga sassan duniya, daga Najeriya an ɗauki Yarabawan Ibadan da 'yan ƙabilar Esan. Ba a ɗauki Hausawa ba. Da shirin H3Africa ya duba mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 na Afirka, a 2020 ya ba da rahoton bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce ana auna magani da gwaji a kan jikin wasu, a kawo mana a ce mu sha. Ga kuma sikila: ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Wane gida ne a unguwarmu bai san zaman asibiti na tsakar dare saboda ita ba? In muka kori mai bincike, wa muka hukunta?

Ɗan'uwana ya kawo hujjar cancanta. Ya ce ɗakin gwaji ba wurin rabon muƙami ba ne, wanda ya iya shi za a ɗauka. A nan ina tare da shi rabin hanya. Ba na son a ba wanda bai iya ba aikin auna jinin ɗana, ko da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Amma wa ya ce ana ganin cancanta duk inda take?

A 1930 wani saurayi baƙar fata, Vivien Thomas, ya fara aiki a ɗakin gwajin likita Alfred Blalock a Jami'ar Vanderbilt. Aikin mai bincike yake yi, amma a takarda matsayin mai shara aka ba shi, albashinsa ma haka. Shi ya yi ta gwada tiyatar zuciyar jarirai a kan karnuka har ta nuna. Ranar da aka fara yi wa ɗan Adam ita a 1944, a bayan likitan ya tsaya a kan ɗan benci yana gaya masa inda zai sa hannu. Da aka buga sakamakon, babu sunansa. Tiyatar ma sunan likitoci biyu farare aka sa mata. Sai 1976 Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce tsohon labari ne. A 2011 mujallar Science ta buga nazarin da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta nema da kanta, aka gano cewa ko bayan an daidaita ilimi da gogewa da yawan rubuce-rubuce, damar mai bincike baƙar fata ta samun babban tallafin hukumar tana ƙasa da ta fari da maki 10 cikin 100. A 2020 wani nazarin ya bi diddigin masu digirin digirgir kusan miliyan 1.2 a Amurka, ya gano 'yan tsiraru sun fi kawo sabbin dabaru, amma an fi yin watsi da nasu. To wannan ce cancantar da ake cewa kada a taɓa? Neman adalci ba yaƙi da cancanta ba ne. Cire yatsan da aka ɗora a kan sikeli ne.

Bayan kisan George Floyd a watan Mayu na 2020, dubban masana kimiyya suka ajiye aiki ranar 10 ga Yuni don duba gidansu. A shekarar ne wasu mata biyu masana, Bala Chaudhary da Asmeret Asefaw Berhe, haifaffiyar Eritiriya, suka fitar da ƙa'idoji goma ga shugabannin ɗakunan bincike. Ba wani abin mamaki a ciki: shugaba ya buɗe zancen da kansa, a sa kariya daga cin zarafi cikin dokokin tsaron ɗakin da na fita aiki, a nemo ma'aikata da gangan daga inda ba a saba nema ba, a yi rubutu da neman tallafi tare da su, a duba yadda ake renon ɗalibai, a kama mai iko in ya yi laifi. Gaskiya ne a watan Janairu na 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a soke irin waɗannan shirye-shirye a gwamnatin Amurka, kuma an yanke tallafin bincike da dama. Gaskiya ne kuma wasu cibiyoyin sun mai da abin taron bita da hotuna. Amma sa hannun shugaban Amurka bai gyara na'urar yatsa ba, bai kuma ƙara Bahaushe ko ɗaya a cikin waɗancan alƙaluma ba. Tun yaushe muka fara auna gaskiya da wanda ya ci zaɓe a Washintan?

A ƙasarmu babu Bature a yawancin ɗakunan gwaji, amma ciwon yana nan da wata rigar: ƙabila, yare, addini, da takardar shaidar asali. Bara wata yarinya 'yar unguwarmu, mai karatun fasahar ɗakin gwaji, ta je aikin koyo na wata shida a wani wuri. Ta dawo ta gaya min wata huɗu na farko wanke kwalabe kawai aka ba ta. Sunanta ya koma "aboki". In ana bayanin aiki sai a juya zuwa yaren da ba ta ji sosai, in ta tambaya a yi dariya. Ranar da wata tsohuwa Bahaushiya ta zo ba ta jin Turanci, ranar aka tuna da ita. Ta isa tafinta, ba ta isa taɓa na'ura ba. Ba ta kai ƙara ba, don wanda za ta kai wa ƙarar shi zai sa hannu a littafinta.

Ga kuma matsalar da mu mazauna Kudu muka fi kowa sani. Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916. Akwai gidajen da kakan kaka a nan aka binne shi. Yaron gidan zai nemi gurbi, a ce ba ɗan jiha ba ne. Ya je garin da aka ce na kakanninsa ne, a ce ba a san shi ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini, sashe na 14 kuma ya nemi a wakilci kowa, amma ɗanmu yana faɗawa ta tsakanin biyun.

Alhali a ƙasar nan muna da shaidar abin da buɗe ƙofa ke haifarwa. Cibiyar nazarin ƙwayoyin cututtuka da ke Ede a jihar Osun, Farfesa Christian Happi ne ke jagorantarta, haifaffen Kamaru. Ɗakinsa ne ya taimaka wajen tabbatar da Ebola a 2014, kuma a watan Maris na 2020, tare da cibiyar binciken lafiya ta Yaba, suka fitar da jerin ƙwayoyin gadon cutar korona na farko a Afirka. Da an tsaya tambayarsa takardar ƙaramar hukuma, wa ya yi asara?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da namu. Yara nawa muka cire daga aji huɗu na sakandare muka tura kara ko wurin canji? 'Yan mata nawa masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya aka ce karatun ya isa haka? Ba za mu ce babu namu a ɗakin gwaji ba alhali mu muka hana su hanyar. Kuma duk wanda ya zauna a Arewa ya san a can ma ana yi wa Bayarabe da Ibo, da ƙananan ƙabilun Arewar kanta, irin abin da aka yi wa 'yarmu a nan. In muna so a daina kiran 'yarmu "aboki", sai mu ji zafi daidai da haka in an wulaƙanta 'yar wani a Kano ko Sakkwato. Wanda ke neman adalci ga nasa kaɗai ba adalci yake nema ba, juyi yake jira.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a zama mai zuwa, kuma ina neman goyon bayanku. Mu gayyaci masu binciken su dawo, mu karɓe su da mutunci, mu ba su sharuɗɗa:

1. Su nuna mana takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Dokar ƙasa ce, tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa.

2. A fassara takardar amincewa zuwa Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidar da shi ya zaɓa. Kowa ya san yana iya ƙi, kuma yana iya janyewa daga baya ba tare da ya rasa komai ba.

3. A rubuta ina za a kai jinin, shekara nawa za a ajiye shi, ko zai fita ƙasar waje, da wanda zai iya amfani da shi.

4. A ɗauki aƙalla mutum biyu masu jin Hausa, mace da namiji, masu takardar karatun fannin, a biya su, su yi aiki har cikin ɗakin gwajin, ba a bakin ƙofa kawai ba. Wanda gudummawarsa ta kai, a sa sunansa a sakamakon.

5. Kowa ya karɓi sakamakon gwajinsa a asirce tare da shawarar likita, sannan su dawo su yi wa unguwa bayanin abin da aka gano.

6. A ba mu sunan wanda za a kai wa ƙorafi, wanda ba ya cikin tawagar.

Mai gaskiya ba zai ji tsoron ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya ƙi kuwa ya ba mu amsar da muke nema.

Mu kuma namu aikin: duk mai ɗa ko 'ya da ke karatun kimiyya, jinya, haɗa magunguna ko fasahar ɗakin gwaji ya kawo sunansa ofishin ƙungiya kafin zama mai zuwa. Ranar da aka ce mana "ai ba ku da masu takarda", ina so in ajiye jerin sunaye a kan tebur. Zan kuma nemi a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin jarrabawar yaran da suka zaɓi kimiyya, mata da maza daidai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana cikin ɗakin.

Ɗan'uwana da ya ce rigimar Turawa ce, ina jiran ka a zaman. Ka zo da hujjarka, zan saurara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya